Godiya bayan daren kasuwar Namdaemun

Alhamdulillahi Rabbil alamina, Baba ya isa gida. Yaya ya kira ni jiya da daddare daga filin jirgin Kano, na jiyo muryar Baba a bayansa yana tambayar inda aka ajiye jakarsa, sai a lokacin na zube ƙasa na yi kukan da na danne kwana tara. Yau ne na fara barci har rana ta fito tun daren Alhamis ɗin nan da Baba ya ɓace a kasuwar Namdaemun da ke Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, inda ya zo bikin yaye ni.

Ba zan maimaita labarin ba, tare muka bi shi tun daga saƙon farko da na tura hannuna yana rawa. Kun san dattijon da ya haura saba'in, mai fama da mantuwa, ya yi awa tara a waje cikin sanyin Fabrairu na Seoul, sanyin da ruwa ke daskarewa a kan titi, ba waya, ba kati, ba kalmar Koriyanci ko ɗaya a bakinsa. Wayar da katin jirgin ƙasan duk suna jakata. Ni na karɓe su da safe don kada ya yar, kuma wannan zai daɗe bai bar zuciyata ba.

Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne abin da na gani a ofishin 'yan sanda. Sun zaunar da ni gaban kwamfuta suna juya hoton kyamarorin kasuwa, sai ga Baba da babbar rigarsa a kan rigar sanyi, ledar kayan yara a hannu, ya tsaya tsakiyar layi yana waige. Mutane na wucewa ta damansa da hagunsa kamar ruwa ya sami dutse. Ya ɗaga hannu kamar zai kira wani, ya sauke. Sannan ya nufi matakalar tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Hoehyeon ya sauka. Wanda ya san Layi na 4 ya san ba a cikin gari ya tsaya ba, yana fita har can wajen birni. Na ce shi ke nan, idan ya shiga jirgi ina zan fara? Na so in yi addu'a, wallahi ko Fatiha ta ƙi zuwa bakina, sunansa kawai nake ta kira a raina. Ashe bai shiga ba, ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya ɓulla wata ƙofar, ya sake faɗawa cikin kasuwar da aka ce shagunanta sun haura 10,000, ga lunguna kamar na Kurmi.

Wadda zan fara yi wa godiya ba za ta taɓa karanta wannan ba. Tsohuwa ce mai gasa dankalin Hausa a ganga a bakin wani lungu, kowa Halmoni yake ce mata, wato kaka. Wajen ƙarfe takwas ta ga baƙon dattijo tsaye kusa da gangarta yana miƙa hannu ga ɗumin wuta. Ba ta tambaye shi komai ba, dama da wane harshe? Ta ja shi bayan rumfa, ta ba shi kujerarta ita ta tsaya, ta lulluɓe masa ƙafa da bargon da take rufe gwiwarta, ta zuba masa shayin sha'ir mai zafi, ta ɓare masa dankali. A zatonta 'ya'yansa sun shiga sari ne za su dawo, don a Namdaemun cinikin sari da dare ake yinsa har asuba. Ta ce can sai ya miƙe, ya buga tafin hannunsa a bango ya shafa fuska, ya tsaya yana duban ƙasa mai jiƙe. Ba musulma ba ce, ba ta san taimama ba, amma ta gane mutumin nan Ubangijinsa yake nema. Ta warware kwali ta shimfiɗa masa, ta tsaya a gefe tana kare shi daga 'yan dako masu wucewa da kaya har ya sallame. Baba ya manta sunan otal, ya manta ƙasar da yake, amma bai manta Isha ba, kuma Allah Ya ajiye masa wadda za ta shimfiɗa masa kwali.

Ɗaya daga cikin 'yan dakon ne ya ga saƙon cigiyar da 'yan sanda suka aika wa wayoyin mutanen yankin, irin wanda suke aikawa tun 2021 idan yaro ko mai ciwon mantuwa ya ɓace. Ya dubi wayarsa, ya dubi hular Baba, ya kira 112, lambar 'yan sanda. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci muka iso a guje. Baba ya ɗago ya ce mini, "Kin daɗe." Ledar tana kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

Da aka sallame shi daga asibiti ya ce sai an mai da shi wajenta. Yaya ya miƙa mata ambulan, ta tura masa da hannu biyu tana girgiza kai, har ranta ya so ya ɓaci. Baba ya cire hularsa, zanna bukar ɗin da ya sa ranar bikin yaye ni, ya ɗora mata a tafin hannu. Wannan ta karɓa. Ta shiga maƙwabta ta fito da safa mai kauri ƙafa uku ta cusa masa a aljihu. Allah Ya saka mata da mafificin alheri, Ya ba ta lafiyar gwiwa, Ya sa 'ya'yanta su ji ƙanta, Ya shiryar da zuciyarta zuwa ga abin da Yake so.

Na san da yawanku kun ce kada in ambace ku, ku yi haƙuri, ba zan iya ba. Ƙawata 'yar ajinmu, wadda ta baro gidansu da takalmin cikin gida ta kwana tana mini tafinta, ita ta matsa har aka fitar da saƙon cigiyar. Ɗalibanmu na Najeriya da Nijar da suka raba lungunan kasuwa tsakaninsu, wasu har tsohuwar ƙofar gari ta Sungnyemun suka zagaya sau uku. 'Yan kasuwarmu na unguwar Itaewon, yawancinsu 'yan'uwanmu Igbo, da suka rufe shago suka fito da motoci biyu, babbansu yana ce mini mahaifina mahaifinsa ne. Bawan Allah ɗan Pakistan mai shagon nama kusa da babban masallacin Seoul, da ya yi ta kawo mana miya mai zafi asibiti ya ƙi karɓar ko won ɗaya. Jama'ar masallacin da suka sa Baba a addu'a ranar Juma'a. Goggo da ta tara almajirai a gida aka kwana ana karatu. Ƙanwata da ta ɓoye wa Inna maganar har aka gan shi, ta haɗiye abin ita kaɗai. Allah Ya rufa muku asiri duniya da lahira, Ya tsare iyayenku, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, kada Ya nuna muku dare irin wannan, in kuma jarrabawa ta zo Ya tayar muku da mataimaka ta inda ba ku zata ba. Amin ya Hayyu ya Ƙayyum.

Akwai kuma waɗanda jini ɗaya muke, har yau ko "ya mai jiki" ban ji daga gare su ba, sai dai saƙo ya zagayo mini cewa dama an faɗa kada a kai tsoho ƙasar sanyi. Na ji. Amma shekara talatin da biyar mutumin nan yana koyar da tarihi da alli a hannu, bai taɓa ganin ko ɗaya daga wuraren da yake karantarwa ba, kuma shi ya ce yana son ya ga 'yarsa ta karɓi takardarta. Allah Ya haɗa kanmu.

Da kun ga fuskarsa a Gyeongbokgung, tsohuwar fadar sarakunan Koriya, kwana biyu kafin abin ya faru, da ba ku ce haka ba. Ya karanta cewa a 1395 aka gina ta, ya tsaya yana lissafin sarakunan da ke mulkin Kano a lokacin. Da masu gadi suka fito canjin aiki da riguna ja da shuɗi, ga ganguna ga tutoci, ya kama hannuna ya ce ga dogarai. Bayan asibiti ma bai yarda ya kwanta ba. Muka ari keken guragu a babban gidan tarihin ƙasar da ke Yongsan, inda shiga kyauta ne, na tura shi har gindin hasumiyar dutsen nan mai hawa goma ta 1348, ya sa na zagaya da shi sau biyu. A gidan tunawa da yaƙin Koriya kuwa, wajen allunan sunayen sojojin ƙasashen waje da suka mutu a yaƙin 1950 zuwa 1953, shi ya nemo na Habasha da kansa. Ya ba ni labarin rundunar Kagnew da Sarki Haile Selassie ya turo a 1951, tiryan-tiryan kamar yana gaban aji, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Daren Namdaemun kuwa kaɗan yake tunawa, ɗumin ganga da wata mata mai kirki.

Waɗanda suka turo kuɗi, asibiti bai cinye duka ba, zan bi ku ɗaya bayan ɗaya in mayar da ragowar, don Allah kada ku ƙi. Saƙonnin da ban amsa ba ku yafe mini, ina bi a hankali.

Yaya ya ce yau da safe Baba ya sa aka tara masa jikoki a tsakar gida, ya buɗe ledar nan ya raba musu da hannunsa, kowa ya kira sunansa daidai. Rigar autar ta yi mata yawa, ya ce a ajiye mata za ta girma ta same ta.