Jinin da na yi ta cewa haka jikina yake

Ƙannena mata, duk wadda al'adarta ke wuce kwana bakwai, ko take sauya audugar mata duk bayan awa ɗaya ko biyu, ko take ganin gudajin jini, ko take farkawa cikin dare ta tarar ta ɓata zanin gado, ta daina cewa haka jikinta yake. Ni ma abin da na yi ta faɗa ke nan, kuma ina da hujjata, don yayata haka take, gwaggona ma haka. Ashe ƙari ne a mahaifa, wanda a asibiti suke ce wa faibroid, kuma yakan bi dangi.

Jinin ya dame ni, amma malamarmu ta Islamiyya kaɗai na kai wa damuwar, ita ma hukuncin sallah na tambaye ta. Ta ba ni amsa daidai: in ya zarce kwanakin da kika saba, ki ƙara uku matuƙar ba za su haura goma sha biyar ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ki yi wanka ki ci gaba da sallarki. Har ta ƙara da cewa in je asibiti. Na ɗauki na sallar, na bar mata na asibitin.

A hankali jini ya ƙare a jikina ban sani ba. In na hau bene sai na tsaya a tsakiya ina haki, in na sunkuya wanke-wanke na ɗago sai in ga duhu. Ga wani kwaɗayin ƙanƙara, in aika yaro maƙwabta ya sayo, in zauna ina taunar ta garas-garas ko da sanyin hunturu. Wasu farar ƙasa suke ci. Duk alamun ƙarancin jini ne, amma ni kemis nake zuwa, mai kemis ya ce maleriya da taifod, ya haɗo mini magani a leda.

Da mara ta fara tasowa sai gida ya ɗauki murna, don lokacin ban taɓa haihuwa ba. Na ce ina ganin jini, aka ce ai ciki ne ya kwanta, a nemo maganin tayar da shi. Na sha rubutu, na sha jiƙo. Ban ƙi ba, don ni ma ina so ya zama cikin ne. Gwajin fitsari na 'yan kuɗi kaɗan da ya raba gardama tun ranar farko, sikanin kuwa ba ya wuce 'yan mintoci: a shafa miki wani mai mai sanyi a mara, a goga na'ura, shi ke nan, ba allura ba zafi.

Babban kuskurena bayan sikanin na yi shi. Likita ya ce mahaifar ta kai girman cikin wata huɗu (da girman ciki suke kwatanta ta), ya ce aiki ya fi dacewa da ni. Ina jin "aiki" kunnena ya toshe. Ban tambaye shi wane irin aiki ba, na tafi da maganar da mata ke yi a gidan biki, cewa in suka buɗe ki mahaifar za su ɗauke. Na naɗe takardar na cusa a ƙasan akwati, na koma wajen masu tallar narkar da ƙari ba tare da tiyata ba. Aka sayar mini da jarkoki na wani ruwa mai ɗaci, na yi ta gudawa, kuma in gudajin jini ya fito a ce mini ga shi nan yana narkewa. Babu wani jiƙo da aka tabbatar yana narkar da shi. Bayan aiki an nuna mini nawa a cikin tasa: dunƙule-dunƙule ne farare masu tauri, kamar ferarren dankalin Turawa, babba da ƙanana. Tsoka ce sosai, ba abin da za a sha ruwan sassaƙe ya zagwanye ba. Kafin in koma asibiti cikin ya wuce cibiya, fitsari ba na iya riƙewa, kuma sai da aka yi mini ƙarin jini kafin a yarda a taɓa ni.

Da na tsaya na saurara a karon farko, ga abin da zan ji. Ƙarin nan ba ciwon daji (kansa) ba ne. Sinadaran jikin mace da ke tafiyar da al'ada su ke ciyar da shi, shi ya sa yakan motse bayan mace ta daina haila. Mu baƙar fata ya fi kama mu, da wuri kuma. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2003 ya nuna fiye da kashi 80 cikin 100 na baƙaƙen mata suna samun sa kafin su cika shekara 50. Da yawansu ba su ma san da shi ba, kuma wanda ba ya damun mace ba a taɓa shi, sa ido kawai ake yi. Inda ya tsiro ma yakan fi girmansa muhimmanci. Ɗan ƙarami a cikin ramin mahaifa yana iya jawo zubar jini da ɓari, alhali ƙato da ke ta waje yana zaune lafiya da ciki har a haihu. Don haka kada wata ta bari a yanke mata hukuncin rashin haihuwa don kawai an ga ƙari a hoto, a duba maigidan shi ma.

Magani kuma ba wuƙa kaɗai ba ce. Akwai ƙwayar rage jini da ake sha a kwanakin al'ada, da maganin ƙarin jini. Akwai robar mahaifa mai sinadari, irin Mirena, tana rage zubar sosai in ramin mahaifar bai karkace ba. Akwai allura irin Zoladex da ke sa ƙarin ya motse, amma ta 'yan watanni ce kafin aiki, in an daina yakan dawo. Akwai kuma toshe jijiyoyin da ke kai masa jini, sai dai ba ko'ina ake yi ba. Tiyatar ita ma iri biyu ce: a ciro ƙarin a bar mahaifa, ko a cire mahaifar ɗungurungum. Ta farkon aka yi mini, ita ce kuma likitan farko yake nufi tun lokacin da abin bai kai haka ba.

In ta kama sai an yi aiki, ki nemi likitan mata na gaske, irin waɗanda ake samu a asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika. Aiki ne mai zubar da jini, ba na kowane ɗakin da aka kafa wa allo ba. Ki tambaya: guda nawa ne, a ina suke, wace tiyata za a yi, kuma a wane hali ne za a iya taɓa mahaifar. Ki karanta takardar amincewa da kanki, kada ki bar wa maigida ko yayanki su sa hannu kina kallon ƙasa. Ki shirya masu ba da jini tun da wuri. Ki kuma tambayi wata nawa za ki jira kafin ɗaukar ciki, da ko haihuwarki ta gaba sai ta tiyata, don sau da yawa haka ake yi bayan an yanka bangon mahaifa.

Ƙarin yana iya sake tsirowa bayan an ciro shi, don haka har yanzu ina zuwa sikanin, takardun kuma suna cikin fayil guda, sabon likita ya kwatanta da na baya. Ku kuma faɗa wa iyayenmu da suka daina al'ada cewa in jini ya dawo musu, kada su jingina shi ga tsohon ƙari. Wannan magana ce daban, a kai su asibiti a makon.