Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Gajiyar da ke Kwana

Makon jiya na tsaya ne a inda Alhaji ya miƙa mini makullin tirela. Ba zan ambaci sunansa ba, ya riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansa kuma har yau suna gaishe ni. A 1994 ne, shekarar da aka karya darajar sefa, kuɗin kowa ya koma rabi. Nan take sawu biyu a wata ya zama uku, albashi kuwa yana nan inda yake.

Mu yi lodi a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere a Kamaru, mu gangara dutsen nan mai cinye birki, mu wuce Garwa da Marwa, mu sha ramukan Mora zuwa Kusuri, sama da kilomita 700, sannan layin gadar Ngeli kafin Injamena. A watan Afrilu zafin Garwa ya haura maki 40, sitiyari kamar tanda. Goro a baki, shayi mai kauri, barcin awa uku a ƙarƙashin mota.

Kawu, Allah ya jiƙansa, ɗan dako ne, kuma shi ya fara ganewa. Ya ce, "Ɗan nan, gajiya biyu ce. Akwai wadda barci ke wankewa, akwai wadda ke kwana ta tashi tare da kai. Ta biyun 'yar aike ce." Na yi dariya. Ai mu a ce mana ina gajiya, mu ce ba gajiya, ko da ƙafa na rawa.

Da farko dare ɗaya ya ishe ni in wartsake. Daga baya sai kwana biyu. Can kuma in yi Juma'a da Asabar a gida, in tashi Lahadi da ciwon ƙeya kamar ban kwanta ba. Uwargida ta lura na daina wasa da yara, abu kaɗan sai tsawa. Yanzu da nake ganin direbobi matasa suna haɗiyar tiramol, wai maganin gajiya, maganar Kawu ce ke faɗo mini. Sun rufe wa 'yar aike baki ne kawai.

Na roƙi Alhaji hutun sati guda. Ya ce, "Mota ba ta ce ta gaji ba, sai kai?" Motar da duk sawu ake juye mata baƙin mai! Wannan maganar ban yafe ta da wuri ba.

Sai da na gyangyaɗa kusa da Waza, yaron motata ya fizgi sitiyari, sannan na je asibiti. Likita ya ɗaura mini abin awo, ya sake ɗaurawa. Hawan jini, 18 bisa 11, alhali bai kamata ya kai 14 bisa 9 ba. Ya tambaye ni yaushe rabon da in tashi da safe garau. Na yi ta lissafi, har na kai shekarar da aka haifi ta ukunmu.

Yadda na mayar wa Alhaji makullinsa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.