Balaga da wuri: abin da ya sa nake tambayar dangin uba

A ɗakin yara inda nake aikin jinya a Garwa ta ƙasar Kamaru, uwa ce ke kawo yaro, don haka ita ake yi wa tambayoyi. Idan yarinya ta fara ƙirgen dangi kafin ta cika shekara 8, ko yaro ya nuna alamun balaga kafin 9, akan tambayi uwar tana shekara nawa ta fara al'ada. Ta ce 13, sai a rubuta babu gado a ciki. Aiki ya koya mini cewa tambayar ba ta ƙare a nan ba.

Sinadarin GnRH da ƙwaƙwalwa ke fitarwa shi ke tayar da balaga, kuma a danne yake lokacin ƙuruciya. Cikin ƙwayoyin gadon da ke riƙe shi akwai MKRN3, wadda aikinta kamar na birki ne. A 2013 masu bincike na Birazil da Amurka suka nuna cewa lalacewarta tana kawo balaga da wuri a wasu iyalai. Kowa yana gadon guda biyu, ta uwa da ta uba, amma ta uwa a kulle take, ta uba kaɗai ke aiki. Haka DLK1, wadda aka gano alaƙarta da matsalar a 2017. Ke nan namiji zai iya karɓar lalatacciyar daga mahaifiyarsa, ya girma ba wata alama, sai abin ya bayyana a 'yarsa.

A gidajenmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Na sha ganin uwa ta rage murya ta ce, "Malama, surukata ta ce abincin da nake ba ta ne." Ni kuwa sai in ce, "Maman yarinya, kakarta ta wajen uba fa? Goggonninta fa? Yaran ɗakin abokiyar zamanki, akwai wadda ta yi haka?" 'Yan uba su ne shaidar da ake yawan mantawa da ita, alhali mahaifi ɗaya suka haɗa. Ba don a ɗauke laifi daga uwa a ɗora wa uba nake tambaya ba, ba wanda ya zaɓi abin da ya gada. So nake a lura da ƙannen tun da wuri.

Ba kullum gado ba ne. Yawancin 'yan mata ba a gano dalili, namiji kuwa sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa a duba ko dalilin yana can. Akwai kuma ciwon CAH, wanda ke sa jiki ya fitar da sinadarin maza fiye da kima har alamun balaga su bayyana da wuri; shi sai uwa da uba duka sun ba da ƙwayar, shi ya sa muke tambayar ko auren zumunci ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda unguwa ke kallon yarinyar. Ta zarce sa'o'inta tsawo, sai a fara zancen cire ta daga makaranta, alhali hankalinta na 'yar shekara 7 ne. Tsawon ma na ɗan lokaci ne: ƙashinta zai rufe da wuri, ta tsaya gajera. Hoton hannun hagu yana nuna shekarun ƙashi, kuma akwai allurar da ke dakatar da balagar, duk wata ko duk wata uku. Tana da tsada, wani lokaci sai an tura su Yawunde wurin ƙwararre. Shi ya sa nake roƙon uwa ta dawo tare da maigidan, in yi masa bayanin da bakina, domin kuɗin allura da maganar makaranta duk a hannunsa suke.