Fuskoki uku da rana ta nuna min

Don kallon wata na sayi na'urar hangen nesa, rana ba ta cikin lissafina. Sai a watan Mayun 2024 aka yi ta maganar wani ƙaton tabo da ya fito a jikinta, wanda masana suka ba lamba 3664, na kasa haƙuri. Da ma ina da fallen Baader AstroSolar a ajiye. Siriri ne kamar leda, yana ƙyalli kamar takardar alawa, kashi ɗaya cikin 100,000 na hasken rana yake bari ya wuce. Na yi masa murfi da kwali da salatif, na ɗaga shi sama na duba ko da huji, sannan na kafa shi a bakin na'urar ta gaba. Can ne wurinsa. Wanda ake ɗaurawa kusa da ido zafi na iya fasa shi, kuma ido ba ya da sifiya.

Abin da na manta shi ne ɗan ƙaramin madubin saiti da ke gefe. Ina cikin juya na'ura sai na ji ƙauri, na duba, hannun rigata ne ya huje kamar an ɗosana taba. Tun daga ranar nake toshe shi, da inuwar na'urar nake saiti: idan inuwar ta tsuke ta zama da'ira, rana na ciki.

Da wannan falle rana fara ce fat kamar faifai, tabon kuwa ga shi rututu, baƙin tsakiya da toka-toka a kewaye. Ba rami ba ne. Fuskar rana na da zafin kusan digiri 5,500, tabon bai kai haka ba, shi ya sa yake fita baƙi. Da na ƙara koren mataci na nanomita 540 (ma'aunin da ake bambance launin haske da shi) a bayan fallen, gefen tabon ya ƙara fitowa.

Wanda ya tafi da imanina shi ne matacin da ke barin jan hasken haidurojin kawai ya wuce, mai nanomita 656. Na'urar kallon rana mai irin wannan mataci, Coronado PST, na ara wurin wani aboki, 'yar ƙarama ce, bakinta milimita 40 kacal. Farin faifan nan ya koma ja mai gashi-gashi, harsunan wuta sun miƙe a gefensa, wasu sun lanƙwasa sun koma. Na jima a tsaye ban tuna da kyamara ba. Kada wani ya ce zai yi dabara da matacin haidurojin na hoton dare, suna ne kawai ya zo ɗaya. Matacin kalsiyam, mai nanomita 393, ido ba ya ganin abin kirki a ciki, sai kyamara, ita ce ta fito da farin dabbare-dabbare a kewayen tabon.

Iska ta fi mataci ba ni wahala. Da azahar rufin kwanon maƙwabta kan tashi da hucin zafi, hoton ya yi ta rawa kamar kana leƙa ƙasan rijiya. Da hantsi nake fita yanzu, kafin ƙasa ta ɗauki zafi. Bidiyon daƙiƙa 30 nake ɗauka, manhajar AutoStakkert ta tsince masu kyau ta haɗa su hoto ɗaya. Launin ruwan lemon da ke jikin hotunana ma ni nake shafa shi, kyamarar baƙi da fari ce.

Allon kwamfuta kuwa ba ya ganuwa a cikin rana, sai na lulluɓa da zanen maiɗakina. A haka maƙwabcina ya leƙo ta katanga ya same ni, ya ce, "Malam, lafiya? Ko zazzaɓi ne?"