Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Lambar da ta hana ni barci

Makon jiya na tsaya a ranar da aka yi mini gashi na ƙarshe, wato ƙona ƙwayoyin dajin furostat (wani ƙullin nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da hasken na'ura, a Cibiyar Yaƙi da Cutar Daji ta Yamai, wadda ta fara gashi a 2021. Kafin nan sai mai hali ke fita waje neman wannan magani. Na hau kar na koma Tahoua ina jin an sauke mini kaya. Ashe saura zaman jira.

Kafin gashi, awon jinina na PSA, sinadarin da furostat ke fitarwa wanda likitoci ke bin sawun cutar da shi, ya nuna 9. Bayan wata uku ya sauko 4.6, raina bai so ba. Wani abokina da aka yi wa tiyata aka cire masa furostat ɗin gaba ɗaya, nasa cikin 'yan makonni ya kusa sifili. Likita ya ce kada in gwada kaina da shi. Tawa tana nan a jiki, sauran namanta mai lafiya yana ci gaba da fitar da PSA, ƙwayoyin cutar da aka gasa kuma a hankali suke mutuwa. Lambar kan ɗauki shekara biyu, wani lokaci fiye, kafin ta kai ƙasanta.

Haka na riƙa awo ina rubutawa a bayan kalandar ɗakina: 2.3, sai 1.2, sai 0.8.

A wata na goma sha takwas takarda ta fito da 1.3.

Ban ci tuwon dare ba. Hajiya ta dube ni ta ce, "Malam, me takardar ta ce?" Na ce ba komai. Ta ce, "Shekara talatin da huɗu muna tare, ba komai ba ya hana ka cin abinci." Da asuba ita ta haɗa mini jakar tafiya Yamai wurin likita. Tun daga Konni har Dosso lissafin gadon yara nake yi, Allah ne shaida.

Likitan, sa'an ɗana na fari, ya jera takardun a kan tebur. Ya ce, "Baba, akwai ciwon fitsari ko zazzaɓi kwanan nan? A labo ɗaya kuke awon?" Sannan ya zana mini layi mai gangarowa da ɗan tudu a tsakiya. Ya ce wasu da aka yi wa gashi lambarsu kan ɗan yi tsalle tsakanin shekara ɗaya da biyu, ta sake sauka da kanta. Ma'aunin da likitoci suka amince da shi a taron birnin Finis na Amurka a 2005 shi ne a ɗauki lamba mafi ƙanƙanta da mutum ya taɓa samu a ƙara mata 2. Tawa 0.8 ce, ke nan sai ta kai 2.8 ake maganar cutar ta dawo. Ya ce duk da haka ba za mu yi sake ba, in sake awo bayan wata uku.

Na roƙe shi ya rubuta mini 2.8 ɗin da hannunsa, don in kai wa Hajiya.

Yadda wata ukun nan suka wuce mini, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.