Inda muka kai kan gyaran tayimin: iskar Legas da fetur ɗinmu

'Yan uwa masu koyon wannan sana'a, aikin wannan zagaye ya tsaya ne kan abin da ke cinye fistin a garin nan ba tare da mai mota ya sani ba, wato wutar da ke tashi da kanta a cikin silinda bayan fulogi ya kunna, kafin harshen wutar fulogin ya iso ga sauran man da bai ƙone ba. Ba nokin ɗin da kanikawa ke faɗa in inji ya kafe ba ne. Wannan ƙara ce siririya, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani ana girgizawa, kuma takan fito ne in an danne totur a giya babba inji na ƙasa-ƙasa.

Mu fara da iska. Legas a bakin teku take, matsin iska a nan, a ma'aunin matsi da ake kira ba (bar), kusan ba 1.01 ne. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, can bai wuce ba 0.88 ba. Injin da ba shi da turbo yakan rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da ya hau. Sufacaja kuwa, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, bel ke juya ta daga injin, girman fuli ne ke yanke yawan ninkin da za ta yi wa iskar da ta samu. A ce tana ninkawa sau 1.6: a Jos za ta cusa ba 1.4, a Legas 1.62. Fuli ɗaya, bel ɗaya, amma iskar da ke shiga silinda ta ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100. To motar da aka sa wa ƙaramin fuli a kan tudu, aka kuma tura mata tayimin, wato lokacin da fulogi ke kunna wuta, gaba ta zauna lafiya, in ta gangaro Agege sai an sake duba ta daga farko.

Turbo halinsa dabam ne, don hayaƙin inji ne ke juya shi. Birenbos, wato kwamfutar inji, na motocin zamani yakan nemi adadin iskar da yake so, sai ya riƙe ƙofar sakin hayaƙi a rufe har ya samu. In ana neman ba 2.0 gaba ɗaya, a Legas ninki biyu ya isa, a Jos sai kusan 2.3. Turbon zai ƙara gudu, iskar da yake fitarwa za ta ƙara zafi. Saboda haka kada ku kai turbo maƙurarsa a nan, ku bar masa sarari in mai motar yana tafiya arewa.

Inda muka fi ganin ɓarna shi ne lambar oktan, wato ma'aunin yadda fetur ke jure matsi bai kama da kansa ba. Amurka da mu ba ma'auni ɗaya muke amfani da shi ba. Abin da suke rubutawa 87 ya yi daidai da kusan 91 a ma'aunin RON, wanda mu muke amfani da shi, 91 ɗinsu kusan 95 ne, 93 kuwa kusan 98. Fetur ɗin gidajen mai a nan yana wajen 90 zuwa 91 RON. Sai ka ga yaro ya buɗe murfin tankin tokumbo ta Amurka, ya ga 91, ya ce ai namu ne. Ba namu ba ne. Mafi muni shi ne a sauko da fayil daga intanet wanda aka tsara don 93 a ɗora wa birenbos. A ganina wannan ganganci ne, ko da motar ta yi mako tana tashi kamar doki.

Ga yadda muke gwaji yanzu. A jona na'urar karatu a soket ɗin OBD2, a zaɓi abu huɗu kawai: matsin iska, zafin iskar da ke shiga, digirin tayimin da birenbos ke janyewa in ya ji wannan ƙara, da lamda, wato ma'aunin yawan iska a kan mai. A ja a giya ta uku daga juyi 2,000 zuwa sama, a wurin da babu jama'a. Janyewar digiri 1 ko 2 jefi-jefi ba abin damuwa ba ce. In ta kai 4 ko 5 tana maimaituwa a wuri ɗaya, a ɗaga ƙafa. A rage tayimin digiri 2 a wannan yankin, ko a rage matsi da ba 0.1, a sake ja. Abu ɗaya ake canzawa a kowane ja, in ba haka ba ba za ku san wanda ya yi aiki ba. Lamda a cikakken matsi ta zauna tsakanin 0.78 da 0.82, in ta haura, a duba famfon mai da nozul kafin a taɓa komai.

Kada a yi gwajin da asuba kaɗai. A bar motar ta sha gosulo irin na Gadar Third Mainland, intakula, wato mai sanyaya iskar da ke shiga inji, ta yi zafin da hannu ba zai zauna a kai ba, sannan a ja. Wannan karatun shi ne na gaskiya, don a haka motar za ta rayu.

Fulogi kuma a sauko mataki ɗaya zuwa mai sanyi, wato wanda ya fi saurin sakin zafi, a matse bakinsa zuwa milimita 0.6 ko 0.7 don kada matsi ya hure wutar. In za ku saya a kasuwar kayan mota ta Ladipo, ku tafi da lambar a rubuce, ku auna bakin kowane ɗaya da filageji, ma'aunin tazara, kafin ku ɗaura. Zagaye na gaba za mu shiga gwajin yoyon iska a tiyon intakula.