Hoto goma kacal

Asabar, da dare

Yau na ɗauki ƙanwata hoto da kyamara biyu a zama ɗaya, ta dijital da ta fim. Ta dijital ita ce abokiyar aikina ta kullum, da lensi mai milimita 85 a gabanta. Ta fim kuwa tsohuwar Mamiya RB67 ce, irin wadda aka fara ƙerawa a Japan a 1970, ga nauyi sai an ɗora ta a kan ƙafa uku. Na sa mata Kodak Portra 400, fim mai girman da ake kira 120. Hoto goma kacal yake bayarwa a wannan kyamarar, domin kowane hoto yana cin santimita 6 da 7 na jikin fim ɗin.

Ban kunna fitila ko ɗaya ba. Taga guda ce, na rufe ta da farin labule mai shara-shara don hasken ya yi laushi, na rataya baƙin yadi a bayanta, na jingine farin kwali a ɗaya gefen ya riƙa mayar da haske kan kumatunta. Na yi ta juya kujerar kaɗan-kaɗan har inuwar hancinta ta haɗu da ta kumatu, wani ɗan haske mai kusurwa uku ya rage a ƙarƙashin idon da ke nesa da tagar. Masu sana'ar suna kiransa hasken Rembrandt, da sunan mai zanen nan ɗan ƙasar Holan na ƙarni na 17 wanda fuskokin zanensa suke fitowa haka. Ina son wannan hasken domin yana fito da ƙirar fuska, ba ya shafe ta.

Inda na fi ɓata lokaci shi ne awon haske, kuma ban yi nadama ba. Ƙanwata baƙa ce sosai, ga baƙin yadi a bayanta. Ma'aunin da ke cikin kyamara yana ɗauka duk abin da ya gani matsakaicin toka-toka ne, don haka da ya ga baƙi da yawa sai ya ƙara haske har fata ta koɗe. Na ajiye shawararsa, na ɗauko ma'aunin hannu, na riƙe shi a ƙarƙashin haɓarta yana kallon kyamara, ya auna hasken da ke sauka a kanta, ba wanda ke dawowa daga jikinta ba.

Wannan abu yana min ciwo duk lokacin da na tuna tarihinsa. Tun daga shekarun 1950, ɗakunan wanke hoto sun riƙa daidaita launin injinansu da wani kati na kamfanin Kodak da ake kira katin Shirley, kuma hoton farar mace ne a jikinsa. Sai a tsakiyar shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Shekaru da yawa ke nan ana wanke hotunan baƙaƙen mutane da ma'aunin da ba a yi shi dominsu ba, fuska ta fito dunƙulen duhu, haƙora da fararen idanu kawai ake gani. Baƙar fata tana da launuka a cikinta, akwai ja, akwai ruwan zuma, akwai sheƙi a goshi da karan hanci. Wanda bai fito da su ba bai ɗauki mutumin ba.

Kuma kyamarorin biyu ba halinsu ɗaya ba. Fim mai launi irin Portra yana jure haske mai yawa, amma idan aka rage masa sai inuwa ta yi datti. Saboda haka na auna shi kamar mai saurin karɓar haske 200 maimakon 400 ɗinsa, wato na ninka masa haske. Sensar dijital, wato abin da ke karɓar haske a madadin fim, akasin haka take: wurin da ya ƙone da fari ya tafi ke nan, babu abin da kwamfuta za ta dawo da shi, amma inuwa ana iya ɗago ta daga baya idan an ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba. A can sai na kula da sheƙin goshi kada ya ƙone.

Da dijital na fara, don in gwada hasken. Kowane ɗauka sai ta miƙo wuya.

"Yaya, mu gani."

In nuna mata allon, ta gyara wuyan riga, ta ce wannan gefen fuskar bai yi ba, ta koma ta zauna da murmushin da ta san yana yi mata kyau. Hotunan sun fito tsaf, babu abin kushewa. Amma fuskar da take nuna wa waya ce, wadda ta riga ta haddace.

Da na koma kan Mamiya sai ɗakin ya canza. Wannan kyamarar ta sama ake leƙa ta, kai a sunkuye, hoton yana bayyana a kan gilashi dama ta koma hagu. Sai ka daidaita kaifin ido da hannu, ka zare farantin ƙarfen da ke kare fim, ka ɗana, sannan ka jira. Na haɗa igiyar latsawa, na ɗago kaina ina kallonta ido da ido, babu ƙarfe tsakaninmu. Bayan na farko ta sake cewa, "Yaya, mu gani." Na ce babu abin gani sai an wanke. Ta yi dariya, kafaɗunta suka sauka. Muka shiga hira a kan karatunta, a kan abin da ke damunta da shi, ta manta da gefen da ya fi kyau. Akwai lokacin da ta yi shiru tana neman kalmar da za ta faɗa, idonta na kan taga. A nan na latsa.

Abin ya tuna min da Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Mali, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948. Da hasken rana yake aiki, da yadudduka masu zane a bayan mutane, kuma yawanci sau ɗaya yake latsawa ga kowane mutum. Wanda zai latsa sau ɗaya dole ya gama kallonsa kafin yatsa ya motsa. Dijital ba ta hana kowa yin haka, ba na cikin masu zaginta, ita ce ma ta tabbatar min da hasken yau kafin in taɓa fim. Sai dai tana sauƙaƙa wa mutum ya latsa tukuna, ya yi tunani daga baya.

Na bar gurbin ƙarshe na fim ɗin don wani gwaji da ya daɗe a raina, wato hoto biyu a kan gurbi ɗaya. A wannan kyamarar ɗana ƙofar haske daban, juya fim daban, don haka ana iya latsawa sau biyu ba tare da an matsar da shi ba. Na tsayar da ita a gaban tagar ta juya gefe, na auna hasken waje, jikinta ya zama baƙar inuwa a kan fari. Sannan na fita da kyamarar na ɗauki ganyen bishiya da rana ke ratsawa. Inda fim ya riga ya sha haske ba zai karɓi wani abin kirki ba, inda ya rage duhu kuwa nan ganyen zai zauna, cikin siffar kanta da wuyanta. Ana iya haɗa irin wannan a kwamfuta cikin mintuna, amma ina son in ga yadda lissafina da idona za su haɗu ba tare da gyara ba.

Fim ɗin yana cikin jaka, na liƙe bakinsa, na rubuta awon kowane hoto a takarda. Ranar Litinin zan kai shi wanki, tsarin C-41 da ake wanke fim mai launi da shi. Zan roƙi mai wankin kada ya bar injin sikanin ya daidaita launi da kansa, domin injin yakan haskaka baƙar fata ya mayar da ita toka. Zan tura masa ɗaya daga cikin hotunan dijital da na gyara a daren nan, ya ga ainihin launin fatarta, ya bi shi.